Baffan da Ya Hana Jirgi Hanyar Shanu

Ina ofis a Dutse Goggo ta kira ni. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗan nan, ka taho. Kai ake jira a yi masa wanka." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na ɗauki makullin mota na fita ba hula. Daga unguwar Takur zuwa garinmu, gaba da Jahun kaɗan, tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna, amma ban san yadda na yi ta ba.

Baffa wan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya sa ni makaranta har na zama safiyo, mai awon ƙasa da zana taswira. Bai taɓa kirana da sunana ba tun da na kama aiki. "Malam Safiyo" yake cewa, yana jan wasalin ƙarshe yadda zan gane cewa tsokana ce.

Kwana uku muna zaman makoki a ƙofar gida, tabarmi har bakin masallaci. Liman ya ce shekara talatin yana limanci bai taɓa riga Baffa shiga sahu ba, kuma abin yana ba shi haushi. Maƙwabcinsa na gona, wanda suka shekara ashirin suna gardama a kan wata bishiyar gawo da ke kan iyaka, shi ya fi kowa kuka, har sai da aka ja shi gefe. Mutanen ruga kuwa sun zo da sandunansu, suka tsugunna daga bakin tabarma. Da za su tashi, wani tsohon Arɗo ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Kai ne mai awon? Ba don Baffanka ba, da yanzu shanunmu sai dai su yi fiffike."

A rana ta biyu wata babbar mota ta tsaya, Alhajin da na taɓa yi wa aiki a Dutse ya fito, attajirin da ya so ya shimfiɗa layin dogo da kuɗinsa da na abokansa. Ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Tsohon nan ya ɓata mini lissafi, amma wallahi da na samu irinsa biyu a cikin ma'aikatana da na yi barci." Da na shiga cikin gida na faɗa wa Goggo, ƙanwar Baffa, ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Shi ke nan, ya tafi bai hau jirgin nasa ba."

'Ya'yana sun san shi ne kawai a matsayin tsohon da yake aiko musu da kindirmo a cikin jarka. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani, kafin ni ma a kira wani a ce masa ana jiransa.

Baffa bai yi boko ba. Kiwo ya tashi da shi, daga baya ya koma fataucin shanu. Yana saurayi sukan koro shanu a ƙafa har tashar jirgin ƙasa ta Ringim, a loda su a tarago, su kuma su zauna a cikinsu har Kudu. Wannan tafiya ita ce abin da ya fi so a duniya. Duk hirar da aka fara da shi, ko ta tsadar taki ce, a tasha take ƙarewa. Ya iya kwaikwayon kukan jirgi da ƙarar ƙafafunsa a kan gada, kuma bai daina ba har haƙoransa suka zube. Motar haya kuwa bai taɓa yafe mata ba. In an cusa shi a baya su huɗu, sai ya dubi direba ya ce, "Ɗana, ko shanu a tarago ana barin musu wurin juyawa." In ka ce masa za ka zo da hantsi ka zo da azahar, ba zai yi faɗa ba, sai dai ka tarar ya tafi. Yakan ce jirgi ne ya koya masa haka.

Akwai wata damina, ina ɗan sakandare, shanun wasu baƙi suka faɗa gonar wani talaka a bayan gari suka cinye masa kusan rabin gero. Kafin a ce me, matasa sun fito da adduna da gora. Baffa ya je ya tsaya a tsakani, ya saɓa sandarsa a kafaɗa, ya ce wa mai gonar, "Dami nawa kake samu a nan in shekara ta yi kyau?" Mutumin ya faɗa. Baffa ya ce, "In kaka ta yi ka zo rumbuna ka ɗauki rabin haka. Ku kuma ku kora ku bi ni." Ya sa baƙin a gaba ya nuna musu inda burtali ya bi, wato hanyar da aka bar wa shanu tun zamanin kakanni tsakanin gonaki, ya raka su har mashaya. Da ya dawo Inna, matarsa, ta ce shi ne shanunsa ba su ci ba amma shi zai biya? Ya ce, "Gero ana shuka wani. In aka sare mutum fa?" Inna ta yi kwana biyu ba ta dama masa fura ba.

To, wannan burtalin ne ya shiga tsakanina da shi.

Shekarun baya Alhajin nan ya tara wasu attajirai a falonsa a Dutse. Sun gaji da jiran gwamnati, in ji su. Suna so su haɗa jari su shimfiɗa layin dogo na fasinja daga Dutse zuwa Haɗeja ta Jahun, su sayo jirgi, su riƙa karɓar kuɗin tikiti. Aka ba ni aikin in duba ko abin zai yiwu, in zana inda layin zai bi. In ya yiwu, ni zan shugabanci awon gaba ɗaya. Ban taɓa samun aiki kamarsa ba, kuma na san ba zan ƙara samu ba. Har na fara taka ƙasa daban.

Babbar matsalar ita ce fili. Duk inda ka ja layi a taswira, gonar wani ce, kuma kowace gona tana da magada ashirin da ba a raba musu gado ba. Ina cikin juya tsofaffin taswirori sai idona ya faɗa kan wani siririn zane da ya taso daga kusa da Dutse ya miƙe arewa maso gabas, ba gona ko ɗaya a kansa. Burtali. Na buga tebur. Ba mai shi, ba diyya, ba shari'a. Na ɗauki na'urata na bi shi da rani, na tarar da shi shimfiɗe, fayau, ba kowa sai ƙadangaru. Na koma na gaya wa su Alhaji, suka yi ta sa mini albarka. Abu ɗaya ya rage, a samu arɗo-arɗo su dangwala hannu a takarda cewa sun amince. Na ce wannan mai sauƙi ne, ina da Baffa, ba wanda zai ƙi jin maganarsa a ruga.

Na ɗauko shi na kawo shi falon Alhaji. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a kan kafet ya jingine sandarsa. Da aka gama yi masa bayani, na ga idonsa yana ƙyalli kamar na yaro ranar sallah. Ya tambaya ko tarago nawa ne, ko za a yi tasha a Jahun, ko jirgin zai riƙa kuka in ya doso gari. Sannan ya ce, "Ta ina zai bi?" Na shimfiɗa taswira na nuna masa da biro. Ya daɗe yana kallo, shi da bai iya karanta ko harafi ɗaya a jiki ba.

Ya ce, "Malam Safiyo, yaushe ka bi hanyar nan?"

Na ce, "Watan jiya, Baffa."

Ya ce, "To. Alhaji, a yi mini haƙuri sai marka ta yi. Zan raka yaron nan mu sake dubawa."

Alhaji ya ce ai ba a son jinkiri a irin wannan harka. Baffa ya ce hanyar ta jira shekara ɗari, za ta iya jiran wata huɗu. A mota na yi ta huci, shi kuwa yana ta ba ni labarin wani direban jirgi da ya sani.

Da marka ta kankama, ruwa kullum, ya aiko in zo, kuma in bar motata a gida. Muka fita bayan sallar asuba a ƙafa, shi da malafarsa da buta, ni da takalmin roba da na'ura a kafaɗa. Da muka isa burtalin sai na tsaya. Ban gane shi ba. Filin nan da na gani fayau ya zama lungu, gero ya yi bango dama da hagu ya fi tsawon mutum, manoma sun ci gefe da gefe kowa ya ƙara kunya biyu ko uku. Ƙasa duk sawun kofato ce da taɓo.

Ba mu yi nisa ba muka ji kukan shanu. Baffa ya ja ni muka raɓe. Garke ya fara wucewa, bibbiyu, wani wurin ma ɗaya bayan ɗaya, ƙahonsu yana gogar ganyen gero. Makiyaya biyu suna tafe a gefe, kowanne idonsa a kan bakin shanu, da zarar wata ta miƙa wuya sai sanda. Can baya mata ne da jakuna, an ɗora ƙore da tabarmi da 'yan maruƙan da ba su iya tafiya ba. A bakin wata gona wani mutum yana tsaye da lauje a hannu, ba ciyawar da yake yanka, kallo kawai yake yi. Baffa ya gaishe shi da sunan mahaifinsa, ya tambayi lafiyar gida, ya yi ta jansa da hira har saniya ta ƙarshe ta wuce.

Sannan ya ce da ni, "Auna."

Na auna. Taku goma sha biyu.

"Jirginka nawa yake so?"

Na ce in an haɗa da shinge da magudanar ruwa, ya fi haka.

"To su ina za su bi?"

Na ce an yi tanadi, za a yi musu mashigi a ƙarƙashin layin, wuri-wuri. Ya girgiza kai. Ya ce, "Mashigi na mai tsallake hanya ne. Waɗannan ba tsallakewa suke yi ba, hanyar ce tasu. In ka ɗauke ta, gonar mutumin can za su shiga, kuma ka ga abin da ke hannunsa."

Muka ci gaba. Kafin azahar burtalin ya gangara ya shige cikin wani tafki, ruwa har gwiwa, shanu suna sha. Na buɗe littafina. A daidai wurin na rubuta da hannuna, da rani, cewa shimfiɗaɗɗen fili ne mai kyau. Kafin mu kai ƙauye na gaba mun ratsa irinsa uku. Baffa bai yi mini dariya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Saniya ruwa take nema, shi ya sa hanyarta take bi ta kowane tafki. Jirgi kuwa gudun ruwa yake yi. Kai da aka haifa a gindin turke, wannan sai an gaya maka?"

A nan ne raina ya ɓaci, don na san gaskiya ya faɗa. Muna zaune a gindin wata tsamiya, na ce ruwa ana cike shi da ƙasa, ana yin kwalbati, ba abin da injiniya ba sa iyawa. Na ce shi ne kullum jirgi, jirgi, yau jirgi ya zo har ƙofar gida yana korarsa. Ya ce, "Da gonarka ce sai in ce ka bayar, Allah ya ba ka lada. Wannan ba taka ba ce, ba tawa ba ce, ba ta arɗo-arɗon ba ce balle su dangwala. Ta waɗanda suka wuce ɗazu ce, da waɗanda za su wuce baɗi."

Sai na faɗi maganar da har yau in na tuna nake jin kunya. Na ce, "Shi ya sa muke baya, Baffa. Duniya tana gudu, mu muna bin wutsiyar saniya."

Ya ɗauki butarsa ya fara alwala a natse. Da ya gama ya ce, "Wutsiyar saniyar ce ta kai ka makaranta." Ya tayar da salla, na bi shi a baya, ban san me na karanta ba.

A hanyar dawowa ya ce ba zai kira arɗo ko ɗaya ba, kuma ba zai je wa Alhaji da magana ba. "Kai ka auna, kai za ka faɗa." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Mako uku rahoton yana kan teburina. Zan iya rubuta cewa burtalin ya dace, in nemi wani ya zaga rugage da takarda, don ba a rasa mai yi. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na yi wannan tunanin har na fara rubutawa. Ba kirkina ne ya hana ni ba. Na san wata rana zan durƙusa gabansa in gaishe shi, ya ce, "Malam Safiyo, me ka rubuta?" Ban san yadda zan yi da fuskata ba.

Na rubuta abin da na gani. Na ce burtali ba zai ɗauki layin dogo ba, ga ruwa ga rigimar da za ta biyo baya. Na zana wani layin da ya kauce masa ya bi ta tudu, amma na bayyana cewa wannan zai ratsa gonaki ba adadi, ga gadoji a fadamu. Na ƙara da abin da na lura da shi a tashar motar Jahun, cewa yawancin fasinjan hanyar nan ba daga Dutse suke zuwa Haɗeja ba, masu sauka a ƙauyuka ne da buhunansu da awakinsu, masu cewa direba tsaya nan. Na rufe da cewa 'yan kasuwa su kaɗai ba za su iya ba, sai da hukumar da za ta samar da fili ta kuma yi haƙurin shekaru.

Alhaji ya karanta a gabana, ya cire tabarau ya ce, "Na ɗauke ka ka nemo mini hanya, ka kawo mini dalili." Abokansa suka janye ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya mutu, na koma awon fuloti a bayan gari.

Na yi fushi da Baffa, fushi na gaske. Sallah biyu ban je gida ba, sai dai in tura maiɗakina da yara. In ya aiko da kindirmo ba na sha. Goggo ta kira ni ta zage ni tas, ta ce ko ɗan akuya ya san wanda ya ba shi dusa. Na ce ina da aiki da yawa. Ba ni da aikin komai.

Da bazara ta zo, ana sharar gona, sai ya aiko direban motar garinmu har ofis da saƙo: "Ya ce ka zo ranar Asabar da na'urarka da turaku. Ya ce da hantsi." Na je da hantsi.

Na tarar da shi a gonar gandu, shi da babban ɗansa, wanda nake kira Yaya. Ya rame, sandar da ya saba saɓawa a kafaɗa yanzu dogarawa yake yi da ita. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu. Ashe ya sa an karɓo masa kwafin taswirata ta biyu a wurin Alhaji, ya kai wa wani malamin firamare ya bi masa ita da yatsa, gari bayan gari. Layin da ya kauce wa burtali, da ya zo garinmu, ta gabashin gonarsa ya ratsa. Ni da na zana ban ma lura ba.

Ya ce, "Faɗin da ka ce jirgi yana so, ka auna shi a nan, daga wannan iyaka zuwa waccan. Ka kafa turaku."

Yaya ya ce, "Baba, nan ne fa inda ya fi albarka a gonar nan. Nan muka zuba taki bara."

Ya ce, "Na sani, ni na ce a zuba."

Na ce, "Baffa, aikin nan ya mutu. Ba jirgin da zai zo."

Ya ce, "Wannan ma na sani. Amma na hana su abin da ba nawa ba ne. In ban ba da nawa ba, me na yi ke nan? Surutu. Wata rana wani zai zo ya ce mutanen nan ba sa son jirgi. Ka kawo shi nan ka nuna masa."

Na kafa na'ura, Yaya ya riƙe mini igiya yana ƙunƙuni, muka buga turaku layi biyu, daga iyakar kudu zuwa ta arewa. Baffa ya kira Liman da mutum biyu suka shaida cewa wannan yanki ya fita daga gado, ba shuka, ba sayarwa, na jirgi ne duk ranar da ya zo. Liman ya dube ni, na dube shi.

Da aka watse ya ce in zo. Ya tsaya a tsakiyar turaku biyun farko, ya ɗaga sandarsa da ƙyar ya saɓa ta a kafaɗa, ya rataya hannuwansa a kanta kamar yadda makiyaya suke yi. Ya ce, "Shiga baya." Na tsaya a bayansa. Ya fara tafiya a hankali, ina biye, rana tana dukanmu, ga tsoho ga ƙaton safiyo mai furfura a gemu. Ina ta shirya yadda zan ba shi haƙuri a kan maganar gindin tsamiya. Taku ɗari uku da 'yan kai ne, amma mun daɗe, don sau biyu yana tsayawa ya huta. Da muka kai turaku na ƙarshe ya sauke sandar, ya juyo yana haki, ya dube ni.

Ya ce, "To, Malam Safiyo, mun iso Haɗeja. Sauka."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, na tsugunna a cikin gonar na kama ƙafarsa. Ya ce in tashi kada mutane su ce bai biya mini tikiti ba.

Damina huɗu ya yi bayan wannan, kuma ba a jefa ko ƙwayar iri ɗaya a wurin ba. Allah ya gafarta wa Baffa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa hanyar da ya bi ta zama mai sauƙi kamar yadda ya bar wa wasu tasu a buɗe. Mu kuma Allah ya kyautata namu zuwan.